Wai dole ne a jira mutum in kekensa ya samu matsala a tsakiyar tsere?

ɗan_feda:
Salam jama'a. Ni sabon shiga ne a kallon tseren keke, don haka a yi min haƙuri in tambayar ta yi kama da ta yara. Jiya na ci karo da wani tsohon bidiyo na Tour de France, babbar gasar tseren keke ta ƙasar Faransa, ta 2010, inda cen ɗin keken Andy Schleck ya zame suna tsakiyar hawan dutsen Port de Balès, shi kuma Alberto Contador ya zo ya wuce shi fuu ko waiwaye babu. Da aka zo sa wa Contador rigar rawaya, wadda ake sa wa mai jagorancin gasar, sai na ji 'yan kallo suna masa ihu kamar ya yi sata. To ni abin da ban gane ba, ba tsere ake ba? In kekenka ya ba ka kunya laifin wa? Akwai dokar da ta ce a jira ne ko kuwa surutun 'yan kallo ne kawai?

Baban_Ummi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Babu wata doka a rubuce, ba alƙalin da zai ci tararka don ba ka jira ba. Al'ada ce tsakanin su 'yan tseren, kamar yadda a ƙwallo ake buga ta waje in wani ya kwanta da ciwo. Sun yarda a tsakaninsu cewa ba a kai wa mai rigar rawaya hari in ya faɗi, ko tayarsa ta yi faci, ko ya tsaya kama ruwa.

Ni ina kallo kai tsaye ranar, kuma har yau abin yana min ciwo. Schleck ya shigo mataki na 15 (kowane tseren yini ɗaya shi ne mataki) yana sanye da rigar rawaya, yana gaban Contador da sakan 31. Shi ne ma ya miƙe kan feda ya kai hari, yana canza giya sai ka ga tayar baya ta yi tsalle, ƙafa tana juyawa keke ba ya tafiya. Ya sauka ya durƙusa yana kokawa da cen da hannunsa, ya sa ya ƙi zama, ya sake sawa, kafin ya hau su Contador da Menchov da Samuel Sánchez sun yi nisa. Sakan 39 ya rasa a ranar, Contador ya karɓe riga da tazarar sakan 8. Ka san da nawa Contador ya ci gasar gaba ɗaya a Paris? Sakan 39 cif, bayan sati uku ana murza feda. Shi ya sa maganar ta ƙi mutuwa. Shi kansa Contador ai daga baya ya fito a bidiyo ya ba da haƙuri, in ba shi da laifi haƙurin me yake bayarwa?

Ka gwada da Tour de France ta 2003. Igiyar jakar wani ɗan kallo ta sarƙe kan keken Lance Armstrong, mai rigar rawaya a lokacin, a hawan dutsen Luz Ardiden ya faɗi warwas, Jan Ullrich da sauran suka sassauta har ya taso, don shi ma Armstrong ya jira Ullrich a 2001 da ya kauce hanya a gangara. Abin kamar adashe ne, yau kai ka zuba gobe kai za ka kwasa.

Sarkin_Gangara:
Baba Allah ya ƙara girma amma nan kam ban bi ka ba wallahi. Kullum in an tashi ba da labarin nan daga mataki na 15 ake farawa, ba mai tuna farkon gasar. A mataki na 2 ranar da aka yi ruwa aka zube a wata gangara a Beljiyam, Schleck yana cikin waɗanda suka faɗi an bar shi a baya sosai, Cancellara da ke sanye da rigar rawaya kuma ɗan ƙungiyar su Schleck ɗin ne wato Saxo Bank, shi ya je gaba ya tsayar da ayari duka aka jira su har Hushovd, ɗan wata ƙungiya daban, ya yi ta faɗa don an hana shi neman makinsa. To washegari fa? Kan hanyar nan ta duwatsun daɓe aka sake yin haɗari ayari ya rabe, Contador ya maƙale a baya, shi wannan Cancellara ɗin dai ya ɗauki Schleck a bayansa ya taka wuta ba wanda ya ce a jira kowa, Contador ya yi asarar sama da minti ɗaya. Ranar ba a ce rashin mutunci ba ne, cewa aka yi dabara. Sai da abin ya juyo kansu aka tuna da ladabi.

Sannan ni a ganina faɗuwa saboda ɗan kallo daban, zamewar cen daban. Canza giya kana tsaye kan feda da dukan ƙarfinka ai yana cikin gwaninta, in ka yi shi ba daidai ba kuskurenka ne. Kuma kai ka fara kai harin! Ka ja mutum faɗa ya taso maka sai ka ce tsaya takalmina ya cire?

Maman_Haidar:
Ku dai maza da musu. Ɗan_feda, abin da ba su gaya maka ba shi ne dalilin da al'adar take da ƙarfi. A keke wanda ke bayan wani yana rage wahala kusan kashi ɗaya cikin uku saboda na gaba ne ke tare masa iska, don haka ba mai iya cin gasa shi kaɗai, wata rana dole ka roƙi ɗan wata ƙungiya ya karɓe ka jan ayari. In sun sa maka ido a matsayin mara kirki, ranar da ka shiga matsala kowa zai noƙe a bayanka ya bar ka da iska.

Amma ku lura, yawanci mai rarar lokaci shi ke jira. A Tour de France ta 2022 da Pogačar ya zame a gangarar Spandelles ya gurje cinya, Vingegaard mai rigar rawaya ya rage gudu yana waiwaye har ya iso suka yi musabaha a kan keke, duniya ta yi ta yabo. Ya kyauta ƙwarai, sai dai yana gaba da sama da minti biyu kuma yana da ɗan ƙungiyarsu Van Aert a can gaba yana jiransa, da suka fara hawan Hautacam ai ba su raga wa Pogačar ba, barin shi suka yi Vingegaard ya cinye matakin. Shi ma Ullrich da ya jira a 2003, Armstrong na tasowa ya wuce shi ya ci matakin, a ƙarshe ya ɗauke gasar da tazarar sakan 61. Ka ce min Ullrich bai taɓa kwanciya yana tunanin ranar ba?

Sarkin_Gangara:
Hajiya kin gama magana. Ga kuma gasar Giro ta Italiya a 2017, Tom Dumoulin yana sanye da rigar jagora cikinsa ya murɗa, ya yi jifa da keke a bakin titi ya tuɓe riga ya gangara cikin ciyawa, kyamara tana kansa, ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Su Quintana da Nibali suka ɗan yi jim kamar za su jira, Zakarin ya fita da gudu, shi ke nan kowa ya bi. Ya hau dutsen shi kaɗai ya rasa sama da minti biyu, duk da haka ya ci gasar da sakan 31.

Baban_Ummi:
To na ji, na yarda Saxo Bank ba malaman makaranta ba ne a mataki na 3. Amma ba ka faɗa wa yaron ƙarshen labarin ba. An samu clenbuterol, wani magani da aka haramta wa 'yan wasa, a fitsarin Contador a gasar 2010 ɗin, ya ce naman da ya ci ne, a 2012 kotun wasanni ta ƙwace nasarar aka ba Schleck. Shi ma Armstrong da nake ta misali da shi a shekarar aka share nasarorinsa guda bakwai na Tour de France saboda amfani da haramtattun magunguna.

ɗan_feda:
Kai! Ashe tambaya ɗaya na yi na tono gidan rina. Na gode Baba, na gode Hajiya. Yanzu bari in je in nemo bidiyon mataki na 3 ɗin nan in gani da idona, wa ya san inda zan samu cikakkensa ba guntu-guntu ba?