Busar da Doguwar Tukunya: Abin da Magina Suka Ce

Da aka zo maganar dogayen tukwane masu siririn wuya da ake ginawa a kan keke, wato faifan da ke juyawa ana gina tukunya a kansa, bakin magina ya zo ɗaya: sama ke rigan ƙasa bushewa. Baki ya yi ƙarau, gindi kuwa danƙo. Shi ya sa suka ce a rufe bakin da leda, a bar gindin ya sha iska, a riƙa juya tukunyar lokaci-lokaci, don iskar gefe ɗaya tana lanƙwasa ta. Da hunturu ma sai a lulluɓe ta gaba ɗaya.

Kafin nan, a ɗaura soso a tsinin sanda a tsane ruwan da ya kwanta a ciki. Ruwan nan ke tsaga gindi.

Wurin gyaran gindi aka rabu biyu. Wasu suka ce a kifa ta cikin wani mazubi mai faɗin baki, a tokare da curin yumɓu, a kankare idan ta yi taurin fata, wato ta yi tauri amma ba ta gama bushewa ba. Wasu suka ce a yanke rarar yumɓun tun tana ɗanya a kan keke, a huta. Ni na fi karkata ga na biyun, don na taɓa karya wuya biyu rana ɗaya wajen kifawa.

Kafin gashi, a kara gindin a kunci. In an ji shi da sanyi, da sauran danshi.