Neman shawara kan ɗaura bakwaini a ƙirji a gida

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar ma'aikatan jinya, ungozomomi da iyayen da suka taɓa renon bakwaini. Kwana 19 ke nan da aka yi wa maiɗakina tiyata aka ciro 'ya mace mai nauyin kilo 1.7. Kafin sallama an koya mana kwantar da ita a tsakiyar ƙirjin uwarta, fata da fata, daga ita sai kunzugu da hula da safa, a juya kanta gefe guda, sannan a ɗaure da zani. An ce kada a gaza awa 8 a kullum.

Inda muka cije shi ne, wurin ɗinkin yana damun maijegon, ba ta iya wuce awa uku, da dare kuma tsoro take ji kada barci ya kwashe ta ta danne yarinyar. Ga Hajiya, mahaifiyata, ta dage sai an yi wa jaririyar wanka safe da yamma kamar yadda aka saba, alhali hunturu ake yi. Jiya bayan wankan na taɓa tafin ƙafarta na ji shi kamar ƙanƙara, ma'aunin zafi ya nuna 36.1, kuma an gaya mana kada ya gaza 36.5.

Shin ni ko Hajiya za mu iya karɓar ta mu ɗaura a namu ƙirjin, a lissafa cikin awannin? Wane irin kishingiɗa ne ya fi aminci da dare? Sannan da wane lafazi zan roƙi Hajiya a jinkirta wankan ba tare da ta ga na raina ta ba?