Abin da aka tattauna kan rigar kujerar mota

Ga abin da na tattaro daga doguwar muhawararmu.

1. Kowa ya amince kujera ta bushe sarai kafin a sa mata riga, domin laimar Legas da damina tana kawo fumfuna da wari.
2. A cire majinginar kai, a ɗaure ƙugiyoyin ƙasa ba tare da taɓa wayoyi ba, kuma kada a toshe jakar iskar gefen kujera, wadda ke kumbura ta kare mutum idan an yi haɗari.
3. An rabu kan leda da yadi: masu yara sun zaɓi leda saboda tsumma mai danshi ya isa goge ta, masu daɗewa cikin cunkoson motoci na unguwar Oshodi kuwa sun ce tana jiƙa bayan kaftani da gumi. Ni ma yadin na fi so.
4. Mai sayen rigar a Ladipo, kasuwar kayan mota ta Legas, ya tafi da motarsa a gwada.