Tikitin shiga Mada'in Salih ya gagare ni

Assalamu alaikum. Muna Madina ni da Hajiyarmu bayan Umara, muna son zuwa Al-Ula mu ga kaburburan da aka sassaƙa cikin duwatsu a Mada'in Salih. Ba a shiga wurin sai da tikiti, kuma biya ta intanet ya ƙi. Katin naira ana ƙinsa nan take. Na dala kuwa yana neman lambar da banki ke turowa layina na Najeriya, layin kuma ba ya kamawa a nan. Na sauya waya, na kira banki, shiru. Tafiyar ta haura kilomita 300, ba zan wahalar da tsohuwa a mayar da mu daga ƙofa ba. Don Allah, ana sayar da tikitin a can da riyal a hannu?