Katin naira zai yi aiki a Makka?

Maman Hanan: Assalamu alaikum jama'a. Umara za mu tafi cikin azumi ni da Hajiyarmu in sha Allah. Mastercard ɗina na naira zai yi aiki a can, ko sai na leƙa Wapa na canzo dala?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam, Allah ya kai ku lafiya. In Verve ne a bar shi a gida.

Maman Hanan: Mastercard na ce ai, Baban Sadik.

Ɗan Kwari: A 2022 bankuna suka rufe katin naira a waje, sai 2025 wasu suka sake buɗewa, kuma da iyaka. Ki je bankinki da ƙafarki a faɗa miki taki iyakar.

Hajiya Babba: 'Yata, matso ki ji abin da ya same ni bara. Katin dala ne ma a hannuna, da kuɗi a ciki, hankalina kwance. Muna sauka Jidda na zare layina na gida na sa na can, na jefa na gidan ban san inda ya faɗa ba. A Madina zan sayi tikitin jirgin ƙasa zuwa Makka ta waya, sai aka ce na sa lambar da aka turo. Ina aka turo ta? Layin nan dai. Na zazzage jaka har sau biyu babu shi. Na yi ta gwadawa, su kuma banki suka ga ana ta taɓa kati daga Saudiyya ban sanar da su ba, suka rufe shi ruf. Na kira su, kuɗin wayata ya ƙare ina sauraron kiɗa. Wallahi a gaban otal na tsaya hawaye na zuba, ga kuɗina ga ni, ko ruwa ba zan iya saye da shi ba. Wata baiwar Allah 'yar Zariya ce ta ranta min riyal 300 muka bi mota. Don haka ki riƙe waya mai layi biyu, ki sa a buɗe miki na gida ya riƙa karɓar saƙo a waje tun kina Kano, ki kuma gaya wa banki ranar tafiyarki.

Maman Hanan: Innalillahi. Sannu Hajiya, Allah ya saka wa matar nan.

Baban Sadik: Shi ya sa ni tsaba nake riƙewa. Ko guzurin alhazai da aka so mayarwa kati a 2025, ai sai da aka koma ba su dala 500 ɗinsu a hannu.

Anti Nurse: Tsabar da ake yanke wa mutane a cunkoso? In an sace kati rufe shi za ka yi, tsaba fa?

Baban Sadik: Lalitata a ƙugu take, Anti, sai dai a ɗauke ni gaba ɗaya.

Ɗan Kwari: Ku raba ƙafa mana. Kuma Maman Hanan, in na'ura ta tambaye ki da riyal za ki biya ko da kuɗin katinki, danna riyal. Ɗayan canjinsu ne, cuta ce. Dala ɗaya riyal 3.75 ce a hukumance, 'yan canji kan ɗan rage kaɗan. In dala za ki canzo, ki karɓi sababbin 'yan ɗari-ɗari, tsofaffin sai an yi ta yanga kafin a karɓa.

Na Maraɗi: Ɗan Kwari, Guangzhou hwa? Wata mai zuwa za ni.

Ɗan Kwari: Can ko mai shayi waya zai nuna maka. Haɗa katinka da Alipay, manhajar biyan kuɗi ta China, tun kana gida.

Anti Nurse: Maman Hanan in kin tashi dawowa ina son dabinon ajwa kilo biyu.

Maman Hanan: To Anti. Amma har yanzu ba wanda ya ce min nawa zan riƙe a hannu, kwana 14 za mu yi.