Ciyawa da fumfuna sun addabi lambuna, wane magani zan fesa?

Mai Furanni: Assalamu alaikum 'yan uwa. Aya-aya da wata ciyawa mai faɗin ganye sun cinye min shimfiɗar ciyawar ado. Ganyen kabewata ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari, na tumatir kuma yana ɗigo-ɗigon baƙi daga ƙasa. Akwai magani ɗaya da zai yi min duka?

Tsohon Malamin Gona: Wa alaikumus salam Hajiya. Babu, kuma duk wanda ya ce miki akwai, kada ki saya. Maganin ciyawa daban, na fumfuna daban. A kan shimfiɗar ado kar ki kusanto da glyphosate, domin ba ya zaɓe, duk koren da ya taɓa sai ya bi shi har saiwa. Mai faɗin ganyen 2,4-D zai kashe ta ya bar miki ciyawar ado. Aya-aya ba ta jin sa sosai saboda 'ya'yanta na cikin ƙasa, halosulfuron ake nema mata, kuma sai an maimaita.

Mai Tumatir: Malam, a ƙara mata da gargaɗi. Tumatir ba ya jure 2,4-D ko kaɗan, iska ta ɗebo ɗan tururinsa ma sai ganye ya murɗe. Ki fesa da sassafe iska na kwance, kan feshin ƙasa-ƙasa. Sannan don Allah ki ware famfon feshi na ciyawa shi kaɗai. Ko an wanke, saura na maƙalewa a cikin tiyo.

Mai Furanni: To fumfunar fa? Ganyen da ya kamu zai warke?

Tsohon Malamin Gona: Nan mutane ke asarar kuɗi. Mancozeb da magungunan jan ƙarfe kariya suke yi, suna zama a kan ganye su hana cutar shiga. Wanda ya riga ya kamu ba zai koma kore ba. Ki tsinke shi, ki fitar daga lambun, sannan ki fesa wa masu lafiya sama da ƙasan ganye. In ruwan sama ya wanke, a sake bisa tazarar da aka rubuta a jikin kwalin. Farin garin nan na kabewa kuwa farar wuta ce maganinsa, amma kar ki fesa da tsakar rana idan zafi ya haura digiri 30, za ta ƙone ganyen. Ki gwada a ganye kaɗan tukuna.

Ɗan Ban Ruwa: Ki daina watsa ruwa a kan ganye da yamma, ki zuba a gindi. Ki rage cunkoso iska ta ratsa.

Ma'aikaciyar Jinya: Ni roƙona ɗaya, a guji maganin ciyawa na paraquat a lambun gida. Kurɓi kaɗan yana lalata huhu, ba shi da makari, Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007. Kowane magani ne, a sa safar hannu da takunkumi, kuma kar a juye shi a robar lemo inda yara suke.

Mai Tumatir: Ki duba kwanakin jira bayan feshi kafin tsinkar amfanin lambu ma, suna jikin kwalin.

Mai Furanni: Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, halosulfuron ɗin zan iya fesa shi rana ɗaya da 2,4-D, ko in raba?