Kafasitar inbata na sauka da zafin rana, wacce zan saka?

Salamu alaikum, iyayen gida masu harkar lantarki. Ina haɗa ƙaramar inbata a shagona a nan Kano, da CD4047 (IC ɗin da ke samar da bugun wutar inbatar) da kafasitar seramik mai lamba 104, wato 100nF, wacce ke saita saurin bugun. Da safe nakan saita inbatar a 50Hz cif (bugu 50 a daƙiƙa), amma da azahar, idan kwanon rufi ya ɗauki zafi, sai ta haura 57Hz, ƙugin taransifoma ya canza, fankar da na jona ta ƙara gudu.

Na canza CD4047, na canza razisto, na sake yin solda, duk a banza. Da na cire kafasitar na ɗora a mita, na kusanto da kan ayan solda mai zafi, a idona lambar ta gangaro daga 100nF zuwa 88nF, wannan saukar ce ke sa Hz ya hau. Na sayo wasu a Sabon Gari, duk halinsu ɗaya, kuma babu rubutun da ke nuna wane nau'in seramik ce, ko X7R ko Y5V.

Abin da na fahimta, ƙimar dayilektirik (ma'aunin yadda abin da ke cikin kafasita ke taimaka mata riƙe caji) ta irin wannan seramik tana kai dubbai, shi ya sa 'yar mitsitsiya ke ɗaukar 100nF, amma ƙimar ba ta tsayawa wuri ɗaya idan zafi ya taso. Ƙimar foliyesta kuwa kusan 3.3 ce, ta folifirofilin 2.2 (duka biyun nau'in leda ne), shi ya sa kafasitocinsu suka fi girman jiki. Kafasitar C0G, wani nau'in seramik, ta fi natsuwa, sai dai ban same ta a 100nF ba. Abin ya dame ni, domin mai kaya yana jira.

Don Allah, tsakanin foliyesta da folifirofilin, wacce za ta riƙe min 50Hz a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40?